Hayaƙin da Ya Buɗe Bakin Abban Hanifa

Tun ranar da muka dawo daga Birnin Gwari wayata ba ta huta ba. Wannan ta kira ta ce, "Zulai, ya daji?" Waccan ta turo saƙo wai ta ji an ce na yi abin kunya a garejin kanikawa. Jiya ma a gidan suna sai da mata suka tsare ni a bakin madafi. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ta ɗauki nata guntun ta ƙara masa gishiri. To ga shi na zauna na rubuta muku shi tun daga tushe. Wadda ta sake tambayata bayan wannan, littafin da na ara mata zan aiko a karɓo.

Kun dai san ni da karatun littattafan soyayya tun ina 'yar makaranta a Zariya. A can na koyi cewa idan namiji yana son mace idanunsa kan kaɗa su yi ja, muryarsa ta yi ƙasa-ƙasa, ya kira sunanta a hankali kamar mai tsoron kada ya fashe. Sai Allah ya haɗa ni da Abban Hanifa, mai sayar da taki da maganin feshi a Kaduna. Mutumin kirki ne, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Bai taɓa barin gidana babu cefane ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Abin da ke damuna shi ne bai taɓa saukar da ita ba ma. Sunana a bakinsa "Ke". Idan miya ta yi masa daɗi, iyakar yabonsa, "Akwai saura?" Har Hanifa ta shiga firamare ban taɓa jin kalma ɗaya mai laushi daga bakin mutumin nan ba, kuma ita kaɗai nake nema a duniya bayan lafiya da gamawa da kyau.

Ƙauyensu yana can wajen Randagi, amma tun aurenmu ban taɓa taka shi ba, saboda shekarun da hanyar ta yi babu mai shiga da iyali sai dole. Da abubuwa suka ɗan yi sauƙi, rannan yana cin tuwo ya ce, "Ke, ki shirya, za mu je gida ki gai da Inna." Na ce, "Da yara?" Ya ce a kai su wurin mahaifiyata. Ni da shi ke nan a mota, daga mu sai hanya. Na ce a raina, in dai akwai wata magana da ta maƙale a ƙirjin bawan Allahn nan, a wannan tafiya za ta fito.

Na sha ƙunshi hannu da ƙafa. Na turara atamfofina har sai da maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce ko amarya aka kawo. Motar tamu kun san ta, tsohuwa ce 'yar ƙarama, ƙofar baya sai da dabara take buɗewa, amma na goge kujerar gaba na shimfiɗa mata sabon ɗankwali.

Zangon farko Buruku. A nan motoci ke tsayawa su jira juna, don ba a son shiga dajin ɗai-ɗai. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda kowa ke gama duk uzurinsa a wurin. Mai alwala ya yi, mai fitsari ya yi, uwa ta ɗura wa yaro abinci ko yana so ko ba ya so, domin da an ɗau hanya babu sauran "direba tsaya". Mu a hanyar Zariya mota kan zama kamar ɗakin hira, wannan na siyasa, waccan na waya da ƙarfi tana faɗa da 'yar aiki. Nan kuwa ana tayar da inji sai ka ga leɓuna suna motsi, kowa na addu'arsa. A gabanmu akwai wata babbar mota da za ta ɗauko masara, direbanta wani dogon dattijo mai jan gemu, Mamman sunansa. Ya leƙo ya dubi lallena, ya dubi maigidan, ya ce, "Alhaji, ka bi bayana kurum. Mai amarya ba ya gaba." Abban Hanifa ya ce, "To." Ni ce na yi masa dariyar da ya kamata a yi.

Muna shiga daji hadari ya haɗo. Ba zan cika ku da labarin itatuwa ba, itatuwa ne dai, dogaye, sun rufe hagu da dama, kuma babu mai son ya daɗe yana kallon tsakaninsu. Ruwa ya kece. Muka ɗage gilasai duka. Hanyar nan ramukanta in ruwa ya cika su ba ka bambanta ƙarami da rijiya, sai kawai muka ji mun zurma cikin wani, ruwa ya tashi har saman bonet. Na ji wani abu ya ce "ƙas" daga gaba, kamar an taka kofin tangaram. Daga nan injin ya canza murya, ya koma tak-tak-tak, kamar keken ɗinki.

Na ce, "Abban Hanifa, ka ji?"

Ya ce, "Salansa ce." Bai rage gudu ba, don nan ba wurin tsayawa ba ne.

Can na fara jin wani wari-wari yana kokawa da humrata. Na ɗauka hayaƙin motar Mamman ne, na ƙara shafa turare a gefen mayafi. Kaina ya ɗan yi nauyi, zuciyata na bugawa da sauri. Ban damu ba, don tun daga gida take bugawa.

Sai na ji an ce, "Zulaihatu."

Wallahi sai da na waiga kujerar baya in ga ko mun ɗauko wani. Na dubi Abban Hanifa. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, har da ɗan ruwa-ruwa a gefe. Muryarsa ta yi ƙasa-ƙasa. 'Yan uwana, komai da komai, yadda aka rubuta.

Na ce, "Na'am?"

Ya ce, "Kin san ranar da na fara ganinki? Kin zo shagon yayanki da littafi a cikin hijabi, kina tafiya kina karantawa, kika yi karo da buhun taki. Kika ce wa buhun ya yi haƙuri."

Na ce, "Ka gani ashe?"

"Na gani. Ranar ban ci abinci ba." Ya yi wani murmushi mai taushi da ban san yana da shi ba. "Idan kina dariya a tsakar gida ina ƙofar gida, ba na shigowa sai kin gama, don kada ki gan ni ki daina. Lallen nan naki kuma... tun safe nake kallonsa ta gefen ido, har na kusa hawa kan ɗan acaɓa a Mando."

Na ji kamar kujerar ta tashi da ni sama. Hawaye suka zubo mini, na bar su, don na daɗe ina tanadinsu saboda wannan rana. Na ce, "Ci gaba."

Ya buɗe baki zai ci gaba, sai hamma ta fito, doguwa. Motar ta ɗan karkata gefen hanya, ya dawo da ita. Ya ce, "Zulaihatu, ke... ke kamar..." Ya sake hamma.

Allah ya taimake mu shingen sojoji yana gaba kaɗan. Abban Hanifa ya taka birki a makare, saura ƙiris ya sumbaci ganga. Wani soja sanye da rigar ruwa ya ƙwanƙwasa gilashi. Ana saukewa ya ja da baya yana kaɗa hannu a hanci. Ya leƙo ya dubi idon maigidan ya ce, "Malam, me ka sha?"

Mutumin da ko goro ba ya ci! Ya ce, "Ruwa."

"Fito. Madam, ke ma fito."

Da na sa ƙafa a ƙasa sai ƙasar ta juya, na dafa mota. Mamman ya ga mun tsaya, ya sauko ya zo ya ɗaga bonet. Ya nuna wani ƙarfe mai rassa da ke manne a jikin injin, wanda duk hayaƙi ke taruwa a cikinsa kafin ya bi salansa ya fita ta baya. Manifol suke ce masa. Ga tsaga nan a jikinsa siririya kamar gashi, gefenta ya yi baƙi da ƙunar hayaƙi. Ya ce ƙarfen ya yi zafi jawur, ruwan sanyi ya watsu masa, shi ne ya tsage. Hayaƙin da ya kamata ya fita baya shi ke shigowa ta ƙarƙashin ƙafafunmu, ga gilashi a rufe.

Ya ce, "Alhaji, wannan hayaƙin ba ya sallama. Barci zai sa ka mai daɗi, sai dai a tashe ka a lahira. Ba ka ji kanka na juyawa ba? Wani har surutai yake yi, ya yi ta zuba kamar rediyo."

Na ce, "Baba, surutai kamar yaya?"

"Surutai dai, amarya. Na banza da wofi."

Na dubi Abban Hanifa. Yana tsugune a gefen titi, ruwan sama na dukan ƙeyarsa, yana shaƙar iska. Da ya miƙe ya dube ni ya ce, "Ke, shiga mu tafi."

Haka muka ƙarasa Birnin Gwari, gilasai huɗu a sauke, ruwa na shigowa ta ko'ina, injin na ɗinki. Kwalliyata ta bi ruwa, ɗaurin ɗankwalina ya kwanta kamar an zauna a kai. Ni kuwa ba wannan ne ya dame ni ba. Tambaya ɗaya ke cin raina: maganar nan, shi ya yi ta ko hayaƙi?

Muka sauka a gidan ƙanwarsa Lantana, wadda ke aure a cikin gari. Gaisuwarsu ma daban. Bayan "sannu da hanya" sai a rage murya a ce, "Ba ku ga kowa ba dai?" Ka ce, "Ba kowa." Sai a ce alhamdulillahi, a kawo ruwa. Ba a faɗin ko su wa ake nufi. Lantana ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Matarmu, a mota kuka zo ko a kwale-kwale?" Ta ba ni zanenta na ɗaura, ta kawo faten tsaki da yakuwa da gauta, ya sha gyaɗa, da zafinsa. Na ɗauka ba zan iya ci ba saboda damuwa, sai ga ni ina kankare kwano.

Da rana ta ɗan fito na ce zan bi Abban Hanifa garejin da aka kai motar, wai in ɗauko jakata daga ciki. Gaskiya so nake in ga ƙarfen da ya yi mini wannan aiki. Bakaniken, Sale, ya riga ya shiga ƙarƙashin bonet yana fama da notuna. Tsatsa ta cinye su, ya jiƙa su da man birki, ya ɗan bubbuga, ya ja da sufana a hankali. Duk suka fito sai ɗaya da ya karye a ciki, Sale ya yi masa zagin da ba zan rubuta ba, sannan ya haƙa shi ya zaro. Da aka ciro manifol ɗin ya ce zaɓi biyu ne: ko a aika Kaduna a nemo wani na hannu a kasuwar Panteka, a jira ranar da mota za ta kawo, ko a kai wa Baba Yohanna ya ɗinke. Abban Hanifa ya ce a kai wa Baba Yohanna.

Baba Yohanna mai walda, wanda rumfarsa ke nan cikin garejin, dattijo ne Bagware, gajere mai faɗin ƙirji, ya san mahaifin maigidan, Malam Audu, tun suna samari. Shekarun da ya yi yana aiki da injin gurza ƙarfe sun sa kunnensa ya yi nauyi, don haka shi duk maganarsa da ƙarfi yake yinta, kamar mai kiran wani a hayin rafi. Ya juya ƙarfen a hannu ya ce irin wannan na zubi ne, ba ya son gaggawa. Idan ka ɗora masa wuta yana sanyi, za ka ɗinke nan ya tsage can.

Na zauna a benci na kalli aikin. Ya huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba da tafiya. Ya gurza bakinta ya faɗaɗa shi. Ya binne ƙarfen cikin garwashin gawayi yana zuga shi har ya yi ja-ja. Sannan ya fara ɗinki, kaɗan-kaɗan, ya yi ɗan tsawon gaɓar yatsa ya tsaya ya dandaƙa da ƙaramar guduma, ya sake. A gefe ya tanadi rabin ganga cike da toka mai zafi, ya ce da ya gama a nan zai binne shi ya kwana, kada iska ta taɓa shi balle ruwa, sai ya huce don kansa. Na san za ku ce Zulai sai ta kwatanta shi da zuciya. To na kwatanta, a raina, kuma ya dace.

Aka kira la'asar. Abban Hanifa da Sale suka shiga masallacin da ke jikin garejin, bango ɗaya ne tsakani, na langa-langa. Ni ina fashin salla, na rage daga ni sai Baba Yohanna, saura ɗan kaɗan ya rufe tsagar. Ban san abin da ya hau kaina ba. Na san hayaƙin nan kisa yake yi, kaina ma bai daina sarawa ba. Amma tsokana ta ci ni, kuma a ƙarƙashin tsokanar akwai 'yar gaskiya. Na matsa na ce a hankali, "Baba, ba za a iya barin 'yar kafa ba? Ƙarama, kamar bakin allura."

Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "EH?"

Na ɗan ƙara murya. "Na ce a bar 'yar kafa."

"KAFA? TA ME?"

Da ina da wayo da na ce wasa nake. Sai na ce, "Ai sai da ya shaƙi hayaƙin ya kira sunana. Har ya ce lallena ya yi kyau."

Baba Yohanna ya ajiye abin waldar. Ya dube ni. Ya dubi ƙarfen. Sannan ya buɗe wannan murya tasa da ake ji har bakin kasuwa.

"WATO IN BAR ƁULA DON ƊAN MALAM AUDU YA SHAƘI HAYAƘI YA CE YANA SON KI?"

Daidai lokacin liman ya yi sallama. Na ji masallacin ya yi tsit, irin shirun da ba na addu'a ba. Can wani ya yi tari. Wani ya kasa riƙewa ya tuntsire. Baba Yohanna kuwa dariya yake har yana dukan cinya, yana cewa shekara da shekaru yana walda, an kawo masa tukunya, an kawo masa garma, ba a taɓa kawo masa aure ba. Ya share hawaye ya ce, "'YATA, WANNAN ƁULA BA ZAN BARI BA. GWAURUWA ZA KI ZAMA, KO SHI YA ZAMA GWAURO." Ya rufe tsagar ruf, ya binne ƙarfen a toka.

Mutane suka fito daga masallaci kowa na neman takalminsa da wata irin natsuwa, ba mai kallon Abban Hanifa, kuma kowa shi yake kallo. Shi kuwa ya sa takalminsa, ya ɗauki jakata daga mota, ya nuna mini hanya da hannu. Ko "Ke" ɗin ban samu ba.

A nan wasa ya ƙare mini. Namiji a garinsu, a gaban abokan ubansa, matarsa ta sa an yi shela da shi. Na je neman ƙari, ga shi ɗan abin da nake da shi ma ya tafi. Kuma babu inda zan ba shi haƙuri, domin masaukin nasu ba irin na littafi ba ne. Ni a ɗakin Lantana da 'ya'yanta, ɗaya ƙafarsa a wuyana, shi kuma can shagon ƙofar gida da mijinta. Lantana kuwa labari ya riga mu isowa. Tana miƙo mini tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa ta ce, "Matarmu, in rufe taga in hura miki gawayi? Ko Yaya kaɗai yake yi wa aiki?" Na ce ta bari in na koma Kaduna zan aiko mata da littattafai, ta ga irin bashin da take bin mijinta. Ta ce ita nata mijin in ya kira sunanta to akuya ce ta ɓata.

Washegari, tun da ƙarfe na cikin toka, muka hau babura zuwa ƙauye. Kowa da nasa ɗan acaɓa. Hanyar 'yar siririya ce tsakanin gonakin masara, wani wuri sai an sauka an tura, wani wuri a tattare zane a ratsa rafi. A nan na ga matan Gwari ɗauke da itace da ƙwarya a kafaɗa, a bayan wuya, ba a ka ba kamar mu. Na tambayi ɗan acaɓana dalili, ya ce su a wurinsu kai ya fi ƙarfin a ɗora masa kaya. Na ce lallai da ni ma na girmama nawa kan da bai kai ni inda ya kai ni jiya ba. Ya ce, "Au, Hajiya, ke ce ta garejin?" Na ja mayafi na rufe fuska har muka isa.

Inna ta tarbe mu a tsakar gida. Na durƙusa na gaishe ta, kaina a ƙasa. Ta sa mini albarka, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta ce na rame, ko da yake ban rame ba. Aka kawo fura da zuma, irin zumar dajin nan baƙa mai ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshe. Da ɗanta ya fita gai da maza, ta shiga gyara goro a gefen zane. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "An ce mota ta yi ciwo."

Na ce, "Eh, Inna."

"An ce an toshe."

"An toshe, Inna."

"Duka?"

Na ce, "Duka."

Ta ce, "To, Allah ya kyauta." Ta ja mayafinta ta rufe baki, amma ina ganin kafaɗunta suna rawa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, ko walda ba sai an yi ba.

Da za mu taho ta haɗa mini daddawa da kuka da galan ɗin zuma. Ba a yi rakiya ba, ba a kuma zaga gida-gida sallama ba. Mu a Zariya baƙo in zai tafi sai unguwa ta sani tun jajibiri. Su kuwa shekarun wahala sun koya musu kada a faɗi ranar tafiya ko lokacinta, sai dai a wayi gari a ga ba ka. Har yanzu da aka samu sauƙi ba su saki al'adar ba.

Da muka dawo gari muka tarar Baba Yohanna ya tono ƙarfen, ya huce, ɗinkin ya kwanta lumui. Sale ya sa sabon gaskit, abin da ke toshe tsakanin ƙarfen da injin, ya ɗaura, ya ɗaɗɗaure notunan daga tsakiya zuwa gefe. Aka tayar da inji, ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, Baba Yohanna ya bi jikin ɗinkin da tafin hannu daga nesa-nesa yana neman inda iska ke fita. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "KO NUMFASHIN SAURO BABU. KI YI HAƘURI." Na ce na gode. Abban Hanifa ya sallame su, fuskarsa kamar an kulle shago.

Da safe muka bi ayarin motoci muka ɗau hanyar gida. Rana ta fito, gilasai a sauke, injin na tafiya sumul. Na yi ta shirya kalmomin ban haƙuri ina rushewa. Muka wuce shingen sojojin nan, muka wuce ramin da ya jawo komai, muka wuce Udawa. Bai ce uffan ba. Na ce a raina shi ke nan, Zulai, kin ji amsarki. Hayaƙi ne. Ki koma ki riƙe "Akwai saura?" da hannu biyu, in ma ta dawo.

A Buruku, inda kowa ke sauke ajiyar zuciya, ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya fita, ya zagayo ya buɗe ƙofata. Ya yi mini alama in biyo shi. Muka taka har gindin wata bishiyar mangwaro, nesa da motoci, kusa da wata tsohuwa mai gasa masara. Ya tsaya ya gyara hularsa.

Ya ce, "Mota a kashe take?"

Na ce, "A kashe take."

"Kina jin warin wani abu?"

"Sai ƙamshin masara."

"Idona fa?"

Na duba. Na ce, "Fari tas."

Ya yi gyaran murya. Ya dubi mangwaro, ya dubi takalminsa, ya dubi wata akuya da ke wucewa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, mutumin da ke sauke buhunan taki ba ya haki. Sannan ya dube ni, da muryarsa ta kullum, irin wadda yake faɗin farashi da ita.

"Zulaihatu, ina son ki. Tun ranar buhun. Ba sai an kashe ni ba."

Na buɗe baki, duk littattafan da na karanta babu wanda ya kawo mini ɗauki. Na tsaya ina kallonsa kawai, hawaye na bin kumatuna.

Ya ce, "Shi ke nan, ko akwai ƙari a littafin?"

Na ce, "Akwai. Da yawa."

"To a bi ni a hankali."

Sai tsohuwar nan mai masara, wadda ashe tun ɗazu ta daina fifita wutarta, ta ce, "Alhaji, ka faɗa da kyau, Allah ya ƙara danƙo. Saura ka saya mata masara."

Kunya ta kama shi har kunnuwa. Bai tsaya zaɓe ba, bai yi ciniki ba, ya kwashe duk abin da ke kan wayar gashin, har da wadda ba ta gama gasuwa ba, ya tura mini a hannu ya yi gaba da sauri kamar an biyo shi. Na bi shi a baya rungume da masara tana ƙona mini ƙirji, ina dariya ina kuka, direbobi na kallona.

Daga Buruku har ƙofar gidanmu masara nake ci. Wata ta ƙone, wata ɗanya ce, ban bar ko ƙwaya ba, kuma ban ba shi ko ɗaya ba sai da ya roƙa da sunana.